Inda Tumaki Suka Kwanta

Filaye biyu tsoho Baldomero ya nuna mana
a kan tudun da ke bayan Quemchi,
ɗaya na fuskantar teku, ɗaya ya juya mata ƙeya.
Kuɗinsu ɗaya. Ya ce, ku zaɓa,
ni ƙasa nake sayarwa, rana ba tawa ba ce.

Nibaldo ya tsaya a na kudu, hannu cikin aljihu,
bai ce uffan ba, amma na san shirun nan.
Ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji,
tsibirai sun durƙusa kamar shanu a mashaya,
jiragen masunta na komowa ɗaya bayan ɗaya.
Tun yana yaro ruwan nan ke ci da shi,
ruwan nan kuma ya cinye masa ƙane.

Ni kuwa a gidan da rana ba ta gaisarwa na girma.
Na san warin bango mai gumi,
na san takalmin da ke fumfuna a ƙarƙashin gado,
wankin da ke kwana huɗu a igiya bai bushe ba,
da tarin innata Orfelina
da ke riga zakara tashinmu.
A tsibirinmu ta arewa rana ke bi,
in Yuni ya kama kuwa ƙasa-ƙasa take wucewa,
tana raɓe-raɓe kamar wadda ake bi bashi.

Na ce, kyan gani ba ya busar da bargo.
Ya ce, gidan da ba ya ganin teku akwati ne.
Tsohon ya yi dariya, ya gyara hula:
Janairu ne yanzu, kowane fili ango ne.
Ku dawo tsakiyar sanyi
ku gan shi ba kwalliya.

Muka dawo, ashirin ga Yuni,
da turaku takwas, da igiya, da shayi a gora.
Ƙarfe tara.
Goma.
A filin kudu inuwar tudu ta yi zaman dirshan,
raɓa ta daskare a ciyawa, fara fat kamar gishiri,
har ƙarfe biyu ba ta motsa ba.
Teku dai tana nan, kyakkyawa,
mu kuma haƙoranmu na kaɗawa.

A na arewa me za ka kalla?
Gonar dankali, shingen waya, rumfar da ta karkace.
Sai tumaki goma sha ɗaya
kwance a wuri guda suna tuƙa,
ba wanda ya auna musu komai.
Da wata ta miƙe, Nibaldo ya tsuguna,
ya dafa makwancinta da tafin hannu.
Ya daɗe a haka.

Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne.
Ya dai haura can ƙuryar filin,
ya taka wani kututture, ya yi ɗage,
sannan ya kira sunana.
Tsakanin itatuwa biyu, ta kan kafaɗar tudu,
ga teku, faɗinta bai fi tafin hannu ba.
Muka tuge turaku,
muka matsa sama taki goma sha bakwai.

Yau shekara uku ke nan.
Manyan tagogi duk arewa suke kallo.
Inna na zama a gindin ta tsakiya tana kaɗin ulu,
rana kwance a cinyarta kamar kyanwa.
Tarin bai tafi ba, ya dai rage faɗa.

A can sama, kusa da rufi, akwai wata 'yar taga,
kafinta ya ce ɓarnar katako ce.
Kullum da safe Nibaldo na hawa tsani ba takalmi,
ina jin katako na ƙara, sannan shiru.
In ya sauko nakan miƙa masa kofi,
ya ce, yau akwai iska,
ko ya ce, yau ta kwanta.
Ban taɓa tambayarsa wa yake dubawa ba.